Sinadaran Daidaita Roba Da Lafiyar Fadama

Manoman shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi suna amfani da bututun roba nau'in PVC wajen jawo ruwa lokacin noman rani. Wannan roba takan lalace yayin da ake narka ta a masana'anta, shi ya sa ake zuba mata sinadaran da ke daidaita ta. A da, sinadarin dalma aka fi zubawa, saboda araharsa da ƙarkonsa.

Sai dai ƙarko kaɗai bai isa ma'auni ba. Muddin bututu na nan lafiya, yawancin dalmar na kulle a cikinsa. Matsala takan taso ne idan ya tsufa aka ƙone shi a juji, domin dalmar takan rage cikin toka, ruwan damina kuma yana iya kwashe ta zuwa Gulbin Rima, inda ake su, ake shayar da dabbobi. Ita kuwa dalma guba ce mai illa ga ƙwaƙwalwar yara. In an sake narka tsohon bututun ma, sai ta bi sabon kaya.

Masana'antun Tarayyar Turai sun daina zuba ta a ƙarshen shekarar 2015, suka karkata ga haɗin kalsiyam da tutiya.