Me ke kashe kifin diskas a makon farko?

Wani ɗan kasuwa daga Treichville ya rubuto cewa ya sayi akwatin gilashi da kifin diskas huɗu rana guda, ya cika akwatin da ruwan famfo, ya zuba su. Kafin mako ya zagayo sun yi baƙi, sun maƙale a lungu, sun ƙi abinci, uku sun mutu. Yana tambaya ko marasa lafiya aka sayar masa.

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma da wuya laifin mai sayarwa ne. Ruwan ne bai nuna ba.

Kifi yana fitar da amoniya ta kashi da numfashi, kuma guba ce gare shi. Abin da ke cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu zama cikin soson matatar ruwa, sabon soso kuwa ba shi da ko ɗaya. Sai an kunna matata mako 4 zuwa 6 babu kifi, ana ɗan barbaɗa abinci kullum yana ruɓewa, kafin su yaɗu. In kana da aboki mai tsohon akwati, roƙi guntun sosonsa, zai rage maka jira. Kada ka saka kifi sai abin gwaji ya nuna amoniya da naitarait (gubar da amoniya ke rikiɗewa zuwa gare ta) sun koma sifili.

Diskas ɗan kogin Amazon ne, yana son ruwa mai ɗumi, marar gishiri da yawa. Nan Abijan mun yi sa'a, yawancin ruwan da SODECI ke turowa daga ƙarƙashin ƙasa yake, bai cika nauyi ba. Matsalarsa kulorin. Tara ruwan a tsabtataccen duro ya kwana da famfon iska a ciki, ko ka ɗiga maganin kashe kulorin. Da wannan ruwan za ka riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan akwatin sau biyu a mako. Soso kuwa, a ruwan da ka kwaso daga akwatin ake matse shi. Wanda ya kai shi bakin famfo ya kashe bakteriyar da ya yi wata yana reno. Ruwan lagun ɗin Ebrié, da gishirinsa da dattinsa, ko kusa.

Mutane kan ce garin da zafi, me za a yi da hita? Diskas na son digiri 28 zuwa 30, dare da rana. A watan Agusta Abijan kan yi sanyi-sanyi, shagon da ke da na'urar sanyaya ɗaki kuwa ya fi haka. Sa hita, sa ma'aunin zafi. Ka tanadi famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta, wanda ya ga rabon wutar 2021 ya san dalili. Ranar da babu wuta, kada ka ba su abinci.

Diskas kifin garke ne: biyar ko shida, kowanne lita 40, wato akwatin kusan lita 250. In ya cika zai kai kilo 300, don haka teburin shago ba zai ɗauka ba.

Abincin da masu kiwonsa ke yabo yana hannun 'yan uwanmu mahauta a kasuwar Treichville da Adjamé: zuciyar sa. A cire kitse da jijiya tas, a niƙa, a shimfiɗa a leda, a daskarar, a riƙa ɓallo kaɗan. Sai dai tana ɓata ruwa da sauri. Abin da ba su cinye cikin minti biyar ba, zuƙe shi da tiyo, kuma ka riƙa haɗa musu da abincin gwangwani.

Kifin da ya rage maka, canza masa rabin ruwa kullum, rage abinci, kashe fitila. Kada ka ƙaro masa 'yan uwa sai gwaji ya yi kyau.