Darasi: Yadda Wi-Fi ke haɗa gini da gini babu igiya

Jama'a, tambayar da muka fi samu game da waya ita ce: me ya sa alamar Wi-Fi take cika, amma saƙon da aka tura wa ɗan'uwa a gida ya ƙi tafiya? Dalili shi ne Wi-Fi daban, intanet daban. Ku ɗauki intanet kamar ruwan rijiyar burtsatse, Wi-Fi kuma kan famfo. Famfo yana iya zama lafiya ƙalau alhali tanki babu ruwa. Alamar da ke kan wayarku tana nuna ƙarfin haɗuwarta da ƙaramin akwatin da ke kusa da ku ne kawai, wanda masu gyara ke kira rauta.

Akwatin nan rediyo ne ƙarami, mai aikawa da karɓa. An fitar da ƙa'idar aikinsa ta farko a 1997, sunan Wi-Fi kuma ya zo a 1999. Yawanci yana aiki a kan zango biyu, 2.4 da 5 gigahaz. Na 2.4 ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango. Na 5 ya fi sauri, amma ba ya jure shamaki. A fili sarari akwatin kan kai kamar mita 100, a cikin gini bai kai rabin haka ba. Kwanon rufi yana mayar da siginar baya, katangar laka mai kauri tana shanye shi. Saboda haka wanda ya zauna a bayan ɗakin kwano yana jiran saƙo ya fi kyau ya zagayo inda yake hango akwatin.

To, yaya ake kai intanet daga ofis zuwa makaranta ko asibitin da ke kilomita biyu ko uku? Binne igiya yana da tsada, ga ɓarnar ruwan sama da ta masu haƙa. Sai a yi abin da ake kira gada. A kafa dogon ƙarfe a kowane gini, a ɗaura eriya mai kama da faranti a samansa, su fuskanci juna. Akwatin gida yana watsa siginarsa ko'ina kamar aci-bal-bal, eriyar gada kuwa tana tattara nata wuri guda kamar tocila. Da an saita su, na'urorin ginin nan da na wancan sai su zama kamar a ɗaki ɗaya suke. A 2007 wani injiniya, Ermanno Pietrosemoli, ya haɗa irin wannan gada tsakanin duwatsu biyu a Benezuwela, tazarar kilomita 382. Tsayin duwatsun ne ya ba shi wannan dama.

Sharaɗin gada shi ne eriyoyin su ga juna, kuma ganin ido kaɗai bai isa ba. Siginar ba ta tafiya siririya kamar zare, tana kumbura a tsakiyar hanya kamar cikin gora. A tazarar kilomita 5, kan zango na 5, kumburin yakan kai kusan mita 9 ta kowane gefe. Shi ya sa ƙarfen yake da tsayin da wasu ke ganin ya yi yawa. Shi ya sa kuma gadar da ta yi aiki lafiya da rani takan fara tsinkewa da damina: darbejiyar da ke tsakani ta yi ganye, ganye kuma ruwa ne, ruwa yana shan siginar. Ba mu ce a sare bishiya ba, inuwa ta fi ƙarfin haka a wurin nan. A sanar da masu kula, sau da yawa ɗaga eriya ko sassabe reshe ɗaya ya wadatar.

Ƙaramar girgiza ma tana karkatar da eriya. Kada a ɗaure akuya ko igiyar shanya a jikin ƙarfen, a kuma hana yara hawa. Inda sola ke ba da wuta, ƙurar hunturu kan lulluɓe farantin, batir ya kasa cika, sabis ya ɗauke da dare.

Wasu iyaye suna tsoron ko siginar na cutarwa. Ƙarfin akwatin gida yawanci kamar kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya ne. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu gamsasshiyar hujjar da ke nuna irin wannan sigina mai rauni yana cutar da lafiya.

Haɗarin da ya fi kusa da mu na mutane ne. Kowa yana iya buɗe Wi-Fi daga wayarsa, ya sa masa sunan ofis ko na ƙungiya, don ya jawo jama'a. Kafin ku shiga, ku tambayi ma'aikacin wurin ainihin sunan. Idan shafi ya buɗe yana neman lambar sirrin asusun kuɗinku, ko hoton takardar rajistarku, ko lambar da aka turo muku ta saƙo don buɗe WhatsApp, ku rufe shi, ku kai rahoto teburin karɓar koke.