Yadda ake bin sawun sankarar kaluluwa da hoton asibiti

Kaluluwar da ta fito a wuya ko hammata ko matsematsi, ta yi makonni ba ciwo kuma tana ƙara girma, ba a gane asalinta da hoto. Sai an yanko ɗan tsokarta an duba a ɗakin gwaji, aikin da mutanen Funtuwa da Malumfashi suka fi zuwa yi a asibitin koyarwa na Shika, Zariya. In ta tabbata limfoma ce, wato sankarar kaluluwa, daga nan aikin hoto ke farawa.

Da farko ana ɗaukar hoto tun ba a sa magani ba. Wannan shi ne ma'aunin da za a gwada duk hotunan da za su biyo baya da shi, kuma wasu iyalai kan tsallake shi don gaggawa ko rashin kuɗi. Mafi sauƙi su ne hoton ƙirji da sikanin ciki, waɗanda ake samu a asibitocin kusa da gida. Hoton ƙirji yana nuna kumburi tsakanin huhu biyu. Sikanin kuwa yana duba saifa da hanta da ƙoda, ba shi da hasken da ke cutarwa, shi ya sa ya dace da yara masu nau'in Burkitt, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki. Rauninsa shi ne ba ya ganin cikin ƙirji, kuma sakamakonsa ya dogara da gwanintar mai riƙe da na'urar.

Sai hoton CT. Ana fara gwada lafiyar ƙoda, domin ruwan da ake zubawa ta jijiya don hoton ya fito fes, ƙoda ce ke fitar da shi. Ana ɗauka daga wuya zuwa mara, likita ya auna manyan kaluluwoyi ya rubuta. Wadda tsawonta ya wuce santimita 1.5 abar zargi ce. Bayan an sha wasu zagaye na magani a sake, a kwatanta. Sai dai CT girma kawai yake gani. Dunƙule na iya saura bayan magani alhali tabo ne, kamar karan masara da ke tsaye bayan an cire zangarniya.

A nan hoton PET ya fi shi. Majiyyaci zai yi awa 4 zuwa 6 bai ci komai ba, a yi masa allurar sukari mai ɗauke da sinadarin da na'ura ke hangowa, ya huta kamar awa guda. Ƙwayoyin sankara masu rai sun fi zuƙar sukarin, sai su haska. Ana ba hasken maki 1 zuwa 5 bisa ma'aunin Deauville, ana gwada shi da hasken hanta. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk minti 110, don haka ba ya jure doguwar tafiya, kuma sau da yawa sai an dangana da Legas. Ga wani abin lura a ƙasarmu: kaluluwar tarin fuka ita ma tana haskawa, dole likita ya san tarihin tarin majiyyaci. Hoton MRI kuma sai in ana zargin cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa ko laka.

A ganina, manomin da zai sayar da buhunan masara ko auduga don biyan kuɗin hoto ya tambayi likita kai tsaye: wannan hoton zai canza magani? Ya kuma adana kowane fim da faifai da takarda a jaka ɗaya, domin ba a auna CT na yau da sikanin bara.

In an gama magani ana jira aƙalla mako 3, an fi son 6 zuwa 8, kafin PET na ƙarshe. Idan cutar ta lafa, ba a maimaita hoto haka kawai. Likita zai riƙa lalubar wuya da hammata da ciki, ya tambayi zazzaɓi, zufar dare da rama, in ɗaya ya bayyana sannan a koma na'ura.