Ƙanjamau: Ba a Gane Ta da Ido

Darasinmu na wannan mako a kan cutar ƙanjamau ne.

Ƙwayar HIV tana shiga jiki ta hanyar saduwa da mai ita ba tare da kariya ba, ko ƙarin jinin da ba a gwada ba, ko allura da reza da askar da wani ya yi amfani da su, ko daga uwa zuwa jariri. Ba a ɗaukarta ta gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko cizon sauro.

Bayan mako 2 zuwa 4 wasu kan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje da kaluluwa. To amma ai mura ma tana kawo irin wannan, wasu kuma sai su yi shekaru ba su ji komai ba. Saboda haka gwajin jini kaɗai ke faɗin gaskiya, kuma akan sake shi bayan wata 3.

Ga abin da muke so kowa ya haddace: awa 72. Wanda abu ya same shi, musamman wanda aka yi wa fyaɗe, ya gaya wa iyaye ko malamin da ya yarda da shi, a je asibiti kafin kwana 3 su cika. Akwai maganin PEP da ake sha kwana 28 don hana ƙwayar zama a jiki. Laifin na wanda ya yi fyaɗen ne.

Kada mu tsangwami mai cutar. Idan yana shan magani kullum, zai yi karatunsa lafiya kamar kowa.

Allah Ya kare mu, amin.