Darasi: Sola Ma Tana Tsufa

A fadamun Argungu, masu noman rani da dama sun koma ban ruwa da sola saboda tsadar fetur. A Birnin Kebbi kuma da ita ake cajin waya, ake kunna fitila. Amma sola ma tana tsufa, kuma tsufan nata daga ciki yake farawa.

A jikin gilashin wayar hannu, da cikin wasu faifan sola, akwai wani siririn shafe da ido ba ya gani. Ƙarfe ne da aka haɗa da sinadarin iskar da muke shaƙa. Na waya da kuza ake yin sa, irin wadda ake haƙa a Jos, tare da wani ƙarfe mai suna indiyom. Aikinsa shi ne ya bar haske ya wuce, ya kuma ɗauki wutar lantarki. A wasu sababbin na'urori, da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ake yin shafen. Ko an jera 1,000 daga cikinsu, ba su kai kaurin silin gashi ba.

Idan danshi ya sami kafa ya shiga, ko zafi ya yi yawa, sai ƙwayoyin su dunƙule ko su lalace. Daga nan wuta ta daina gudu yadda ta saba.

Faifai mai nagarta, kowane iri ne, a hankali yake raguwa: kamar rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara. Shi ya sa manyan kamfanoni kan ba da garantin shekara 25. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faifan kuwa a zafin digiri 25 aka auna shi, alhali bazararmu kan wuce 40. Don haka kada a manna faifai a jikin kwano. A bar sarari iska ta ratsa ta ƙarƙashinsa, ta rage masa zafi.

Ƙurar hunturu dai ba tsufa ba ce. Manomi kan ce injin ban ruwansa ya mutu, ashe faifan ne ya yi butu-butu. A wanke da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi.

Mai karatu, in za ka sayi faifai na hannu, juya shi ka duba sosai. In ka ga tsagewa, ko ya yi ɗorawa-ɗorawa, ko alamar ruwa a ciki, riƙe kuɗinka.