MAWAƘI MAI WAƘA TILO: DA WANE MUDU AKE AUNA SHI?



A hutun da ya wuce, ina taya mahaifina kwashe tarkacen ɗakin ajiya, sai muka ci karo da wani tsohon akwati cike da faya-fayen garmaho. Ya ɗauko ɗaya, ya hure ƙurar da ke kansa, ya ce mini, "Ka ga wannan? A zamaninmu babu gidan bikin da ba a sa shi ba." Na duba, sai na ga waƙar "Sweet Mother" ce ta Prince Nico Mbarga. Na ce, "Baba, wace waƙa kuma mutumin nan ya yi?" Ya yi shiru, ya yi ta tunani, daga baya ya yi dariya ya ce shi dai ita kaɗai ya riƙe.

Da muka dawo makaranta na ba abokaina labari a ɗakin kwana, sai gardama ta kaure. Wasu suka ce duk mawaƙin da aka sani da waƙa ɗaya rago ne, sa'a ce kawai ta faɗo masa. Wasu suka ce a'a, waƙa ɗaya mai kyau ta fi ɗari marasa gishiri. Wannan gardama ce ta sa na zauna na bi diddigin al'amarin, ga kuma abin da na samo.

Ma'anar abin

Turawa suna da suna na musamman ga irin wannan mawaƙi, suna ce masa "one-hit wonder", watau wanda ya yi waƙa ɗaya ta game duniya, sa'an nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mu a nan bari mu kira shi mai waƙa tilo. Amma kafin a ce waƙa ta yi kasuwa, dole a sami abin awo, kamar yadda ba a cinikin hatsi sai da mudu.

A Amurka akwai wata mujalla mai suna Billboard. Tun shekarar 1958 take fitar da jerin waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a kowane mako, bisa ga yawan fayafayen da aka saya da yawan sa su a gidajen rediyo. Daga baya an ƙara da yawan sauraro ta intanet. Mudun Amurkawa shi ne: duk mawaƙin da ya shiga cikin arba'in na farko sau ɗaya tak, bai sake ba, to shi ne mai waƙa tilo. A Ingila kuwa akwai masu tsananta sharaɗi. Su a wurinsu sai wanda waƙarsa ta zo ta ɗaya, sa'an nan sunansa bai ƙara fitowa cikin jerin ba ko da a can ƙasa.

Ashe ke nan tun ba a je ko'ina ba mudu ya zama biyu. Idan muka auna mawaƙa da su, za mu ga sun rabu kashi uku.

Kashi na farko: masu waƙa tilo na haƙiƙa

Misalin da babu gardama a kansa shi ne wasu samari biyu 'yan jihar Nebraska ta Amurka, Zager da Evans. A shekarar 1969 suka fito da waƙar "In the Year 2525", wadda ke jan kunnen ɗan Adam game da ranar da na'ura za ta karɓe masa aikin hannu da na tunani. Ta yi mako shida tana ta ɗaya a Amurka, a daidai lokacin da mutum ya fara taka wata, ta kuma zo ta ɗaya a Ingila. Daga nan shi ke nan, ba su sake shiga jerin ba a ƙasashen biyu. Ko da wane mudu aka auna su, sakamakon ɗaya ne. Sun zama kamar wutar kara, ta ci bal-bal ta mutu.

Amma dubi Carl Douglas, haifaffen Jamaika mazaunin Ingila. A shekarar 1974, lokacin da finafinan faɗan Sin suka cika gidajen silima, shekara guda bayan mutuwar Bruce Lee, ya yi waƙar "Kung Fu Fighting". Ta zo ta ɗaya a Amurka da Ingila. A Amurka bai sake shiga cikin arba'in na farko ba, saboda haka can mai waƙa tilo ne. A Ingila kuwa ya sake shiga da wasu waƙoƙi biyu, saboda haka sunan bai hau kansa ba. Mutum ɗaya, waƙa ɗaya, hukunci biyu.

Kashi na biyu: waɗanda mudun baƙo ya tauye

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin ta shafi mawaƙan nahiyarmu. Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu sau ɗaya ta shiga cikin arba'in na farko a Amurka, da waƙar "Pata Pata" a shekarar 1967, inda ta kai ta 12. Da mudun Billboard ita ma mai waƙa tilo ce. To amma wannan ita ce matar da ta tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 1963 ta tona asirin mulkin wariyar launin fata, ta yi shekara talatin tana gudun hijira, ba ta taka ƙasarta ba sai 1990. Ta yi fiye da shekara hamsin tana waƙa, har Afirka ta yi mata laƙabi da Mama Afirka. Wane mai hankali zai ce wannan wutar kara ce?

Haka ɗan ƙasarsu Hugh Masekela, mai busa begila. Kiɗansa "Grazing in the Grass" ya zo na ɗaya a Amurka a shekarar 1968, bai kuma sake kusantar wurin ba, alhali kuwa ya ci gaba da busa har ƙarshen ransa a 2018. Haka maƙwabcinmu Manu Dibango na Kamaru. Waƙarsa "Soul Makossa" ta 1972 ta kai ta 35 a Amurka a shekarar 1973, ita ke nan masa a can. Amma waƙar ta yi tasirin da har Michael Jackson ya ɗebi wani yanki nata ya sa cikin wata waƙa ta kundinsa "Thriller" na 1982, abin da ya jawo ƙara, aka sasanta da biyan kuɗi. Dibango ya rasu a 2020 yana da shekara 86, bayan ya fitar da kundaye masu yawan gaske.

Ba mutanen Afirka kaɗai abin ya shafa ba. Kyu Sakamoto na Japan ya zo na ɗaya a Amurka a 1963 da waƙar da Turawa suka raɗa wa suna "Sukiyaki", alhali a gida shi babban tauraro ne mai waƙoƙi da yawa. Kai, ko Jimi Hendrix, wanda ake lissafawa cikin gwanayen kaɗa jita na duniya, sau ɗaya ya shiga cikin arba'in na farko a ƙasarsa, a shekarar 1968. Abin mamaki ma shi ne Bob Marley. Har ya bar duniya a 1981, babu waƙarsa ko ɗaya da ta shiga cikin arba'in ɗin nan na Amurka, mafi nisa ta tsaya a ta 51. Idan da mudun nan shi ne gaskiya duka, da sai mu ce Zager da Evans sun fi Bob Marley. Wa zai yarda?

Kashi na uku: waƙar da ta yi wa 'yan'uwanta inuwa

Yanzu bari mu koma kan faifan mahaifina. An haifi Prince Nico Mbarga a Abakaliki a shekarar 1950, uwarsa 'yar Nijeriya, ubansa ɗan Kamaru. Ya kai waƙar "Sweet Mother" wa kamfanin EMI aka ƙi karɓa. Sai a 1976 wani ƙaramin kamfani na Anacha mai suna Rogers All Stars ya buga ta. Waƙa ce ta yabon uwa da wahalar da take sha kan ɗanta, an rera ta da Turancin buroka wanda talaka ke ji daga Legas har Duwala. Ana ƙiyasta cewa an sayar da faifanta miliyan 13. A shekarar 2004 masu sauraron BBC suka zaɓe ta a matsayin waƙar da Afirka ta fi so.

Mbarga da ƙungiyarsa Rocafil Jazz sun yi wasu waƙoƙi da yawa, cikinsu har da "Aki Special" wadda ita ma ta yi tashe. Amma ta farkon ta yi girma irin na kuka, duk abin da ya tsiro a gindinta bai samu rana ba. Ya rasu a hatsarin babur a Kalaba a shekarar 1997. Ba ya cikin lissafin Billboard ko kaɗan. Mudun da aka auna shi da shi wani ne dabam, watau tunanin jama'a, irin wanda mahaifina ya nuna.

A zamanin intanet ma an ga haka. Psy na Koriya ta Kudu ya yi "Gangnam Style" a 2012, wadda ta zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube. A 2013 wata waƙarsa, "Gentleman", ta kai ta biyar a Amurka. A ƙa'ida ya fita daga sahun masu waƙa tilo, amma a bakin mutane yana nan ciki.

Nan ya kamata mu tuna da wata kalma tamu. Hausawa suna da bakandamiya, watau waƙar da ta fi fice cikin waƙoƙin mawaƙi, kamar ta Narambaɗa da ta Mamman Shata. Bambancin shi ne, bakandamiya sarauniya ce mai fadawa kewaye da ita, waƙa tilo kuwa ita kaɗai ce a fage. Sau da yawa abin da baƙo ke kira waƙa tilo, a wurin 'yan gida bakandamiya ce.

Me ke kawo haka?

Dalili na farko shi ne sa'a. Ƙaramin faifan garmaho fuska biyu gare shi. A ta gaba kamfani kan sa waƙar da yake sa ran za ta yi kasuwa, a ta baya kuma a sa ta cike gurbi. "Kung Fu Fighting" don fuskar baya aka shirya ta, cikin gaggawa a ƙarshen lokacin ɗauka. "Soul Makossa" ma a bayan faifan waƙar gasar cin kofin Afirka ta 1972, wadda aka yi a Kamaru, ta fito. Abin da ya zo ba da shiri ba, da wuya a maimaita shi da shiri.

Na biyu shi ne yayi. Waƙar "Macarena" ta Los del Río, wasu dattawa biyu 'yan ƙasar Sifen da suka fara waƙa tare tun cikin shekarun 1960, ta yi mako 14 tana ta ɗaya a Amurka a 1996, domin ta zo da rawar da kowa ke iya yi. Da aka gaji da rawar sai aka manta da masu ita. Zamani riga ne, in ya tsufa sai a tuɓe.

Na uku shi ne harshe da nisa. Kasuwar Amurka takan buɗe wa baƙo ƙofa sau ɗaya don sha'awar sabon abu, sa'an nan ta koma ga nata.

Darasi gare mu

Akwai labarin da ya fi kusa da mu 'yan makaranta. A shekarar 1982 wasu yara biyar 'yan makaranta a birnin Birmingham na Ingila, masu suna Musical Youth, suka yi waƙar "Pass the Dutchie". Ta zo ta ɗaya a Ingila, ta goma a Amurka, alhali ƙaraminsu bai wuce shekara goma sha ɗaya ba. Kafin shekarar 1985 ta ƙare ƙungiyar ta watse. Yau da yawa cikinmu suna mafarkin su saki waƙa ko bidiyo ɗaya a waya su wayi gari duniya ta san su. Hakan yana faruwa, amma sai mu tambayi kanmu abin da za mu riƙe washegarin ranar da yayi ya wuce. Makeba da Dibango ba su faɗi ba da Amurka ta juya musu baya, domin suna da sana'ar da suka daɗe suna koyo, da jama'ar gida da ke sauraronsu.

Darasi na biyu ya shafi yadda muke yanke wa mutane hukunci. Kafin mu ce wane abu ɗaya ya iya, mu fara tambaya: a wace kasuwa aka auna shi, kuma mudun wa aka ɗauka? Ina roƙon iyayenmu su tuna da wannan ranar da sakamakon jarrabawa ya zo gida. Kada a yi wa yaro kuɗin goro saboda takarda ɗaya, ko ta yi kyau ko ta ɓaci. Mu kuma ɗalibai, wanda ya zo na ɗaya a zango guda kada ya miƙe ƙafa.

Idan aka tambaye ni wadda na fi so cikin waƙoƙin nan, zan ce "Sweet Mother", ko da yake na nuna cewa mai ita ya yi wasu. Dalilina shi ne, ranar da muka goge faifan muka sa shi, mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida, sai na ga ta ajiye rariya ta tsaya tana saurare har ya ƙare. Waƙar da aka buga tun 1976 ta iya yin haka, to ko ita kaɗai mutum ya bari bai yi aikin banza ba.

Ku ma ku tambayi iyayenku waƙar da suka riƙe tun ƙuruciya, sa'an nan ku bincika ku ga ko mai ita ya yi wasu. Nan zan dasa aya. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.