Daga Goyo Zuwa Yaye: Abin Yi da Abin Bari

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa babu macen da ke bukatar a koya mata goyo. Jariri na bayan uwarsa a bakin turmi, a gona, a hanyar rijiya. Wajen rabuwa muke ɓata aikin, kuma yanzu da 'yan bindiga ke raba mutane da garuruwansu, kuskuren ya ƙara tsada.

Kada a matse dakashi a zubar. Shi ne rigakafin farko. A sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, babu ruwan randa babu jiƙo, ko da a zafin watan Afrilu ne.

In ya yi kuka a ɗauke shi. Masu cewa "zai saba da hannu" su yi haƙuri. Wata mai bincike, Mary Ainsworth, ta zauna da iyaye mata a Uganda tsakanin 1954 da 1955, ta ci gaba da binciken a Amurka, ta kuma ga cewa yaron da ake amsa kukansa shi ya fi sakin jiki ya je wasa, don ya san in ya waiwaya akwai mai jiransa.

Kada a yi yayen dare ɗaya. Wannan ne babban laifinmu. Yaro ya shekara biyu bai san ɗumin kowa ba sai na uwarsa, rana tsaka a shafa wa nono maɗaci ko barkono, a sa shi a babur a kai shi gidan kaka a wani ƙauye. Nono ya tafi, baya ya tafi, uwa ta tafi, duk a yini guda. In ya daina ci ya yi zuru, sai a ce ya dangana. A rage shayarwa sannu a hankali cikin makonni, ana ƙara masa kunun gyaɗa da wake da ƙwai, yana ganin uwarsa kullum. Wadda ta yi kwanika kuma kada ta fizge shi don tsoron wai nonon ya lalace. Ta je asibiti ta ji shawara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 tamowa ta kashe a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shidan farko na 2025. A irin wannan hali, yaye babu tanadin abinci ganganci ne.

Kunyar ɗan fari ta tsaya a gaban surukai. In an shiga ɗaki a rungume shi, a yi masa magana.

Maigida, kai ma da kai ake. Annabi (SAW) ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama, ya kuma sumbaci Hasan a gaban mutumin da ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Kawo hatsi bai sauke maka wannan nauyi ba.

In gudun hijira ya kama, zuwa Funtuwa ko Malumfashi, kada a rarraba ƙananan yara ga dangi kamar kayan gado. In riƙo ya zama dole, hannu ɗaya ya riƙe, kada yau goggo gobe inna. Binciken da aka fara a gidajen marayu na Romaniya a 2000 ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyali kafin su cika shekara 2 sun fi sauran farfaɗowa wajen magana da shaƙuwa da mutane.

Kada a tsorata yaro da "ɓarayin daji za su zo su tafi da kai". A ƙasar da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, wannan ba barazanar wasa ba ce. Yaron da ya ji harbi ya koma fitsarin kwance ko ya maƙale wa zanen uwarsa, kada a doke shi, kada a yi masa waƙar amalala. A matso da shimfiɗarsa kusa, cikin gidan sauro, a bar shi ya faɗi abin da ya gani.